Karan Awon Rijiya

Jiƙaƙƙiyar igiyar kaba tana da ƙamshin da ba ya kama da na komai, rabi na ƙasa, rabi na tsohuwar tabarma. Shekaranjiya famfon unguwarmu a nan Yamai ya ɗauke, maƙwabciyarmu ta buɗe tsohuwar rijiyar tsakar gidanta, muka yi layi da bokitai. Da aka miƙo mini igiyar, tun guga bai taɓa ruwa ba ƙamshin ya riga ya kai ni gida, ƙauyenmu da ke gefen Filinge, a shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara.

Ina da shekara goma sha biyar, ina kolej a cikin gari. Zafin wannan shekarar har yau ba ni da abin kwatanta shi. Da hantsi ba a iya taɓa kwanon da aka bari a waje. Kaji su buɗe baki su kwanta gindin randa, a kore su su dawo. Inna takan jiƙa zane ta lulluɓa, kafin ta gama jan carbi ya bushe ƙayau. Muna sahur da hura da ruwan randa, in an yi asuba kowa ya yi saurin gama aikinsa kafin rana ta ɗaga, daga azahar kuwa gidan sai ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashin mutane a ƙarƙashin rumfa. Da la'asar sakaliya ne rai ke dawowa: a kwaɗa kopto, wato dafaffen ganyen zogale, a dama kunun tsamiya, wani ya dawo daga gari da guntun ƙanƙara a nannaɗe cikin buhu, a raba shi kamar nama.

Rijiyarmu tana cikin kwari, gindin wata goriba. Gida bakwai ke ɗiba a cikinta, ban da makiyaya masu wucewa. A wannan rijiyar Kyauta ke sha. Kyauta karsana ce ja mai farin goshi, kuma tawa ce. Uwarta kakana ya ba ni ranar sunana, uwar ta tsufa ta mutu ta bar mini ita. Tana da wata ɗabi'a: in ta sha ta ƙoshi sai ta ɗora jiƙaƙƙen hancinta a kafaɗata ta huro iska.

Tun farkon azumi rijiyoyi biyu na maƙwabta suka kafe. Wata rana bayan an sha ruwa na ji Baba yana gaya wa Inna cewa in tamu ma ba za ta kai damina ba, zai kai Kyauta kasuwar Lahadi tun tana da nama a jiki. Ruwan famfon gari na mutane ne, ba mai iya shayar da saniya da jarka a kan jaki. Bai faɗa da mugunta ba. Ya taɓa ganin shanu suna mutuwa a tsaye, ba ya son ya sake gani a gidansa.

A cikin wannan satin ne malamarmu ta lissafi, Madam Zalika, ta zo da wata takarda ta liƙa a gefen allo. Hoto ne da aka sake bugawa har ya yi duhu. Wasu mata baƙaƙe ne zaune a tebur, da riguna masu kwala, gashinsu a gyare, gaban kowace akwai takardu da wani injin lissafi mai maɓallai. Madam ta ce a Amurka ne, lokacin da aka fara tura mutane sama a kumbo. Ta ce kafin a saka mutum a ciki a kunna wuta, sai an san hanyar da zai bi, da gudun da zai yi, da wurin da zai faɗo a teku don jiragen ruwa su jira shi a can. Irin waɗannan matan suna cikin waɗanda suka yi wannan lissafin, da fensir da takarda.

Wata a bayan aji ta ce, "Madam, to wa ka yi musu daka?"

Aka yi dariya, har Madam. Ni ban yi ba, hankalina ya tafi. Abin da ya kama ni shi ne a san inda abu zai faɗi tun ba a jefa shi ba. Da aka tashi na tsaya gaban hoton ina kallon hannuwansu. Ɗaya ta riƙe fensir kusa da baki, kamar yadda nake yi. Na yi ta tunani, ko ta taɓa ganin tekun nan da take auna wa wani? Ko in ta koma gida tana ɗaga kai ta dubi sama, ko kuwa ta gaji da ita? A hanyar komawa, cikin yashi mai ƙona ƙafa, sai wani tunani ya zo mini. In ana iya sanin ranar da kumbo zai taɓa ruwa, ai ana iya sanin ranar da guga zai taɓa ƙasa.

Na kwance igiyar shanyar Inna ba tare da na tambaya ba, na ɗaura mata dutse. Dabarar mai sauƙi ce: a zura dutsen har ya zauna a gindin rijiya, a jawo, a auna inda igiyar ta jiƙe. Ranar Asabar da safe na auna da hannuna, kamu shida. Ranar Lahadi sai da azahar na samu fita, kamu biyar da rabi. Ranar Litinin bayan na dawo daga kolej, gab da magariba, kamu biyar. Na buɗe kayena, wato littafin rubutuna na makaranta, na ɗiga ɗigo uku, na ja layi ta kansu. Layin ya miƙe sumul, ya gangara, ya taɓa ƙasa. Rabin kamu kowace rana. Kwana goma suka rage.

Na so lissafin ya ceci Kyauta, sai ga shi ya yanke mata hukunci. Na yi tunanin yage takardar. Amma layin ya yi kyau ƙwarai, kuma ni na ja shi. Da hawaye na kai wa Baba bayan ya idar da sallar magariba, sai dai gaskiya a ƙarƙashin hawayen akwai wani ɗan daɗi da nake jin kunyarsa har yau. Baba bai yi boko ba, amma yana girmama takarda. Ya riƙe kayen da hannu biyu, na nuna masa ɗigo ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Kwana goma," ya ce. "To. Allah shi kai mu Lahadi."

Washegari labari ya kai kunnen Gwaggo Kuluwa, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta. Ita ce ke fara zura guga a rijiyar nan kowace safiya, shekaru da yawa. Ta same ni ina tsince kwasfar gawo ina tara wa Kyauta.

"Ke, ɗiyar lakkwal, 'yar boko. An ce kin kashe muna rijiya da biro."

Na ce ba ni na kashe ta ba, lissafi ne ya nuna. Don in kare kaina sai na ba ta labarin matan hoton, da kumbo, da teku. Na zaci za ta yi tsaki. Sai ta zauna a kan turmi ta gyara zane.

"Baƙaƙe kamar mu?"

"Kamar mu, Gwaggo."

"Shi kumbon, wa ka riƙe mishi igiya in ya tahi?"

"Ba shi da igiya. Lissafin ne igiyarsa."

Ta jinjina wannan, ta ga kamar ya yi mata. "To su matan, a wace rijiya suka sha ruwa? Wanda ka aiki da kai ƙishi shika ji."

Na yi dariya. Na ce can Amurka ce, famfo ko'ina, a ofis ma akwai, kowa ya taɓa ya sha.

"Sun huta," ta ce. "To in sun ɓata lissahin, wa ka mutuwa?"

"Mutumin da ke ciki."

"Ke kuma in kin ɓata, Kyauta ta a ciki. Kawo takardar."

Ba ta iya karatu, amma ta sa yatsa a kan ɗigon farko ta ce in gaya mata yaushe na auna. Na ce Asabar da safe. Na biyu? Lahadi da azahar. Na uku? Litinin da marece. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya sa riga a bai-bai ya fita kasuwa.

"Habsu, in an auna cikinki bayan sahur, aka sake aunawa da azahar, aka sake gab da shan ruwa, sai a ce nan da kwana goma kin ƙare ke nan?"

Na sake duban ɗigon nan uku, ita kuwa ta ci gaba.

"Rijiya tana kwana. Da rana mu ɗebe, in mun bar ta yashi ya tsattsaho mata, da sahe ta tashi da ruwanta. Ke kin auna ta tana ƙoshe, kin auna ta tana jin yunwa, kin auna ta ta galabaita, kinka haɗa su layi guda."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san wannan. Duk yarinyar da ta taɓa jan guga ta san ruwan safe ya fi kusa. Hannuna ya sani, kayena ne bai sani ba, kuma ban tuna in gaya masa ba.

Gwaggo ba ta ce rijiyar ba ta raguwa ba. Ta ce tana raguwa, tana ji a kafaɗarta, sai dai ba ta san da nawa ba, don ita ba ta taɓa ajiye abin a takarda ba. Ta kuma ƙi yarda da kamuna. Ta ɗora hannunta a kan nawa, nata ya fi nawa da yatsu uku. Ta ce hannun mai azumi ma ba shi da tabbas, yau ya miƙe gobe ya lanƙwashe. Ta zaro karan gero daga danga, ta yanke shi daidai kamunta, ta bi shi da wuƙa tana tsaga alama, faɗin yatsa faɗin yatsa, har ashirin da huɗu. Ta ce daga yau wannan karan ne kaɗai zai yi magana.

Ranar Laraba na tsaya bayan aji na gaya wa Madam Zalika abin da ya faru. Na tambaye ta ko matan hoton sun taɓa yin kuskure. Ta ce ba ta san labarin kowace ɗaya ba, amma aikin irin wannan ba a barinsa a hannu guda: wata ta yi, wata ta sake daga farko, in amsoshin ba su haɗu ba a koma. Da na kai wa Gwaggo wannan, sai ta ce, "To ashe suna da hankali."

Safiya huɗu muka yi. Bayan sallar asuba, gari ya fara yin fari amma ba wanda ya zura guga, sai mu gangara kwari. A wannan lokacin kaɗai ake samun iska mai ɗan sanyi, tana ɗauke da warin kashin shanu da na jiƙaƙƙen yashi. Gwaggo ta zura dutse a hankali don kada ruwan ya motsa, ta saurari igiyar a yatsunta har ta ji ta saki. Mu jawo. Ni in auna da karan in riƙe amsar a ciki, ita ma ta auna, sannan mu faɗa tare. Sau ɗaya muka saɓa da yatsa guda, ta sa muka jira igiyar ta bushe a kan danga muka sake. Matan da suka zo ɗiba suka tsaya da tulunansu suna mana tsiya, wai Kuluwa ta shiga lakkwal da tsufa, a saya mata jaka. Ta ce in sun ga dama su saya, ja take so.

Safiyar farko kara shida ne ba kaɗan. Ta biyu ya ragu da yatsu biyu. Ta uku yatsu biyu. Ta huɗu biyu da ɗan ɗoriya. Na zauna gindin goriba zan raba, Gwaggo ta dakatar da ni. Ta ce in cire kara guda na ƙasa, wannan laka ce ba ruwa ba. In cire wani kara guda, wannan shi ne abin da gida bakwai da makiyaya ke ɗebewa kafin rana ta faɗi. Saura huɗu. Na lissafa, na sake lissafawa ta wata hanyar, ita kuma tana yi da tsakuwa a ƙasa. Kwana arba'in da takwas.

"Ki ce arba'in," in ji ta. "Rana ba ta gama hushi ba."

Ranar Asabar da yamma Baba ya riga ya wanke igiyar da zai ja Kyauta da ita. Muka same shi a zaure. Na miƙa masa kayen, ya dubi tsohon shafin ya dubi sabon.

"Litinin takarda ta ce goma. Yau ta ce arba'in. Wace zan kama?"

Gwaggo ta bar ni da shi. Na ce, "Baba, ta farko kuskure na yi. Na auna a lokuta daban-daban."

"In wagga ma kuskure ta fa?"

"Wagga mu biyu munka yi ta, Idi," in ji Gwaggo. Ita kaɗai ke kiran sunansa a gidan. "Kuma ban ce maka ruwan sama zai zo cikin arba'in ba. Wannan ba shi cikin takarda."

Baba ya san abin da ake nema a wurinsa. In ya jira, kowace Lahadi Kyauta za ta ƙara ramewa, in daga baya ya kai ta ba mai kallonta. Ya daɗe yana murza gemu. Daga ƙarshe ya ce a ƙulla ƙulli a igiyar awon, daidai kara uku. Kullum da safe a auna a gaya masa. Ranar da jiƙar ta kasa kai ƙullin, Lahadin da ke biye zai tafi da ita, kuma ba ya son kuka.

Haka muka ƙarasa azumin, muka yi Salla, muna auna rijiya. Na cika shafi uku da lambobi. Gwaggo ta yi gaskiya, rana ba ta gama fushi ba: yatsu biyu suka koma uku, wasu ranakun huɗu. Da marece guga ya fara fitowa da ruwa ja, sai an tace da ƙyalle an bar shi ya kwanta. Muka rage wanka, ruwan wanke-wanke ma ba a zubarwa. Kwasfar gawo ta ƙare, muka koma zare tsohuwar ciyawar rufin rumbu muna ba ta. Ƙasusuwan kwankwason Kyauta suka fito har ana iya rataya ƙwarya. Wata safiya ta kwanta ta kasa tashi, sai da Baba da maƙwabta biyu suka zura itace a ƙarƙashinta suka ɗaga, ni ina riƙe da wutsiya. Baba bai dube ni ba ranar, ni ma ban iya dubansa ba. Hadari ya haɗu sau biyu a gabas, ya yi baƙi, ya turo iska, ya watse.

Ranar da jiƙar ta tsaya yatsu biyar a saman ƙullin, Alhamis ce. Da la'asar iska ta juya. Na fara jin ƙamshin tun kafin in ga komai, ƙamshin ƙasar wani wuri da ruwa ya riga ya taɓa. Sannan ɗigo na farko ya buga kwanon rufi kamar an jefo tsakuwa. Inna ta fito da duk abin da ke da baki, tukwane, kwanoni, har turmi. Ni na ruga wurin Kyauta. Tana tsaye a tsakiyar garke, ta runtse ido, ruwa yana bin haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya. Kwarin ya cika a ranar, kududdufai suka kwanta, aka bar rijiya ta huta. Bayan kwana kaɗan Baba ya ɗauki igiyar da ya wanke ya ɗaure jaki da ita.

Kyauta tana nan. Ta haihu uku, ta yi taurin kai, yanzu ba ta ɗora wa kowa hanci a kafaɗa. An kawo famfo mai aiki da hasken rana ƙauyenmu, rijiyar kwari sai makiyaya. Karan awon yana soke a rufin ɗakin Gwaggo, ya yi baƙi da hayaƙi. Ni kuma lissafi nake karanta a jami'a, kuma har yau in na gama aiki sai na nemi wadda za ta sake shi daga farko.

Sai a shekarata ta biyu a Yamai na nemi labarin matan nan da kaina, na karanta abin da hoton Madam bai nuna ba. Da yawa cikinsu malaman makaranta ne kafin a ɗauke su. Na karanta yadda wani da za a tura sama ya nemi ɗaya daga cikinsu ta sake bin lissafin na'ura da hannu kafin ya yarda ya shiga, na yi murmushi, na ce Gwaggo za ta so wannan. Sannan na ci gaba da karatu, na iske amsar tambayar da ta yi mini a kan turmi, wadda na yi wa dariya. A shekarun farko na aikinsu ɗakinsu daban ne, teburin cin abincinsu daban, ban ɗakinsu daban. A garuruwan da suke zaune kuwa, famfo yana ko'ina kamar yadda na ce, sai dai an rubuta a kan kowane wanda zai sha. Matan da ake auna hanyar sama da hannunsu, in ƙishi ya kama su a titi, sai sun wuce famfon da ke kusa sun nemi wanda aka ware wa baƙaƙe.